Nanay Luding da Ranar da Teku Ya Janye

Kafin masu burodi su fito, Nanay Luding ta riga ta ɗage ƙyauren ɗan kantinta da ke kan hanyar gangarawa bakin ruwa. Ba ciniki ke fito da ita ba, don babu mai sayen sabulu da ashana da wannan sassafe. Takan ɗora ruwan kofi, ta kunna rediyo, ta jawo kujerar robarta, ta zauna ta fuskanci bango. A bangon akwai wata tsohuwar taswira da hayaƙi ya dafe, tsibirinmu a gefe guda kamar ɗigon miya, sauran duk teku ne. Idan sanarwar masu hasashen yanayi ta zo, sai ta kasa kunne, ta miƙe ta soka murfin kwalba da ƙusa a daidai inda suka ce iska ta fara juyawa. Sannan ta kurɓi kofinta, ta ɗauki bakin lasifikar da aka ɗaure a kan bishiyar kwakwa.

"Mutanen Tinabuan, barkanku da tashi. Akwai wata aba tana haɗuwa can gabas. Ko suna ba a sa mata ba tukuna. Ku je kamun kifinku, amma kada wanda ya yi nisan da ba zai iya dawowa gobe ba."

Shekara ashirin da ɗoriya ke nan da wannan murya muke tashi a garin nan. Yaran da aka haifa a cikinta sun yi aure sun haihu. Shi ya sa ranar Lahadin da Kapitan, shugaban ƙauyenmu, ya miƙe bayan an tashi daga coci ya ce Nanay Luding za ta ajiye aikin, sai wuri ya yi tsit kamar an aiko da saƙon mutuwa. Wata tsohuwa a bayana ta ce, "Ta ajiye? Yo dama ajiye shi ake yi?" Babu wanda ya yi dariya. Mun daɗe da manta cewa mutum ne ke yin abin nan, mai gwiwa da kunne da shekaru. Mun ɗauke shi kamar fitowar rana.

Sunanta na yanka Ludivina Abrenzosa, amma in ka tambaya da wannan suna za a ce maka babu ita a garin. Nanay kowa ke ce mata, wato Inna a yarenmu. Da can kifi take sayarwa. Ba ta yi karatun sararin samaniya ba, kuma ba ta taɓa cewa ta fi masu ilmin abin sani ba. In aka tambaye ta yadda take gane guguwa, cewa take, "Ni ba na gane komai. Su ke gani da na'urorinsu, ni kuma in faɗa muku da bakin da za ku ji." Aikin ke nan. Sanarwa takan zo da lambobi: gudun iska kaza, nisa kaza, tsayin ruwa kaza. Masunci da ya gaji ba ya jin lamba. Sai Nanay Luding ta juya masa ita. Ta ce wannan iskar mai karya ayaba ce kawai, a ɗaure kwale-kwale a kwanta. Ta ce wannan mai kwashe kwanon rufi ce, a ɗora tayoyi da buhunan yashi. In kuwa ta ce, "Wannan teku za ta turo mana," to magana ta ƙare, a ɗauki tsofaffi da jarirai a hau tudun coci.

Tun abin yana curin gajimare a tsakiyar teku take binsa. Ta bi shi ya yi ƙarfi, a sa masa suna, ya karkata arewa, ya yi kamar zai wuce, ya dawo. Wani lokaci mako guda tana matsa murfin kwalbar nan kaɗan-kaɗan, masunta suna leƙowa kanti da sunan sayen taba, alhali bangon suka zo kallo.

Kada mai karatu ya zaci a kan kafaɗa muka ɗauke ta. Mun zage ta, zagi mai kyau.

Akwai shekarar da ta tayar da gari kaf muka hau tudu. Muka kwana a coci a kan tabarmi, sauro ya yi biki da mu, yara suna kuka, tsofaffi suna tari. Guguwa ta zo har ƙofa, sai ta yi kwana ta nufi arewa. Ko ganyen ayaba bai karye ba. Da muka sauko, Mano Temyong, wani dattijon masunci mai kiwon zakarun dambe, ya tarar an sace aladen da yake kiwatawa don bikin 'yarsa. Kai tsaye ya wuce kanti, mutane suka bi shi.

"Luding! Fito ki nuna mini guguwarki! Ina take? Ko ita ce ta buɗe garke ta kore mini alade?"

Ta fito tana goge hannu. "Ta kauce, Mano. Gode wa Allah za mu yi."

"Na gode masa. Ke ce dai ban gode wa ba. Tsohuwa ta rasa aikin yi, ta samu lasifika tana razana mutane!"

"Gobe in aka ce wata na zuwa, zan sake faɗa."

"Ki faɗa wa kifi!"

Daga ranar aka laƙaba mata suna Uwar Iskar Ƙarya. In ta wuce kasuwa sai wani ya ɗaga hannu sama ya ce, "Nanay, na ji ɗigo a goshina, mu hau tudu?" A kwashe da dariya. Takan yi murmushi ta wuce. Washegari kuma muryarta ta fito kamar ba a yi ba.

Sai shekarar babbar guguwa ta zo. Tana da sunanta a takardun hukuma, amma mu a nan ba ma kiran sunan. Babbar kawai muke cewa.

Ƙarama ta fara, kamar sauran. Kwanakin farko Nanay Luding cewa take mai karya ayaba ce. Ranar kasuwa da hantsi sabuwar sanarwa ta zo. Waɗanda ke cikin kantin sun ce sun ga ta ajiye kofi, ta matsa kusa da rediyon har kunnenta na taɓa shi. Da aka gama, ba ta tashi ta matsa murfin kwalbar ba. Zama ta yi tana kallon ƙasa. Ɗanta Efren, wanda shi kaɗai Allah ya bar mata, yana tsaye da jarkar man injin kwale-kwalensa. Ya ce, "Nanay, lafiya?"

"Ta ninka kanta," in ji ta. "Jiya ba haka take ba. Kuma ta daina karkata. Mu take kallo."

Abin da ta faɗa a lasifika ranar har yau akwai masu iya maimaita shi. Ba ta ce barkanku ba. Ta ce, "Ku saurare ni. Wannan ba irin waɗanda kuka sani ba ce. Ruwa zai haye rufin kantin nan da nake magana a ciki. Duk gidan da ke ƙasan tudu, gobe babu shi. Ku zage ni in kun so, amma ku zage ni a kan tudu."

Kapitan ya fito da mutanensa, aka shiga kwasar jama'a. Da yawa sun hau. Da yawa kuma sun ƙi, saboda aladen Mano Temyong bai fita daga ran kowa ba. Nanay Luding ta rataya ƙaramar lasifikar hannu, ta bi gida-gida da gwiwarta mai ciwo. Ta roƙi wasu, ta yi wa wasu faɗa. Da ta isa gidan Mano Temyong, ta tarar da shi a kan benci ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, matarsa da jikokinsa suna leƙe ta taga da ƙunshin kayansu, suna tsoron fitowa.

"Uwar Iskar Ƙarya, sannu da aiki. Bana me za a sace mini?"

Ta wuce shi, ta ɗaga kwandon da ke rufe da jan zakaransa, wanda yake so fiye da kowa a gidan, ta danna shi a hammata, ta kama hanyar tudu.

"Kai! Ke! Luding, kin haukace? Ajiye mini zakara! Jama'a, ɓarauniya!"

Haka ya bi ta yana ashar tun daga bakin ruwa har ƙofar coci, iyalinsa na biye da kaya a ka, rabin unguwar kuma na biye da su don su ga ƙarshen faɗan. Da aka shiga, Kapitan ya sa aka ja ƙofa. An yi dariya ranar, dariyar da ba mu sake yin irinta ba sai bayan wata da watanni.

Da gari ya waye ta iso. Wanda bai ji ƙarar ba, ba za a iya kwatanta masa ita ba. Ba busawa take ba, gurnani take, har cikin haƙoranka kake ji. Muna kallo ta tsagar taga bishiyoyin kwakwa suna sunkuyawa har ƙasa, kwanon rufi yana yawo a sama kamar takarda. Wani ɓangare na rufin cocin ya tashi, muka dunƙule a ɗaya gefen, ruwa na dukanmu, mata suna ta addu'a da ƙarfi amma ko na kusa da kai ba ka jin me yake cewa.

Can wajen tsakar rana, sai ɗif.

Iska ta tsaya cak. Ruwan sama ya ɗauke. Rana ta fito, rana sosai, mai zafi, ta hasko ta inda rufi ya yaye. Wani ya buɗe ƙofa. Muka fito muna kallon juna kamar waɗanda aka tono daga kabari. Tsuntsayen teku sun zubo a filin coci, sun gaji har ba sa gudun mutum. Sai wata mata ta nuna ƙasa da yatsa ta fasa ihu.

Babu teku.

Bakin ruwanmu kudu yake kallo, iskar safiyar kuwa daga arewa ta yi ta bugowa, ta tura ruwan waje. Inda muka saba ganin shuɗin ruwa tun muna yara, sai laka da duwatsu har iya ganin ido. Kwale-kwale sun kwanta a gefe. Kifi kuwa ga shi nan birjik yana tsalle a cikin laka, yana ƙyalli a rana.

Nanay Luding ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa. Tun da safe ta yi ta faɗa cewa in an ji shiru kada a fita, kuma yanzu ta sake faɗa da iyakar muryarta.

"Ba ta wuce ba! Idonta ne! Muna tsakiyarta! Za ta dawo ta ɗaya gefen, kuma da ruwan nan za ta dawo! Ku koma ciki!"

Amma mutum ɗaya ba ya tare gari. Mutanen da suka ga gidajensu a rushe, suka san babu abin da za a ci gobe, ga kuma kifi kyauta a ƙasa. Wasu suka bi ta gefenta, wasu suka dira ta taga. Mata da yara suka gangara da kwanduna da bokitai, suka yi hagu, wajen lakar. Wasu maza uku suka yi dama, can bayan gada, inda ake ɗaure manyan kwale-kwale, don su ƙara musu igiya. Efren na cikinsu.

Matarsa Mirasol, da jaririya 'yar wata biyu a ƙirji, ta riƙo rigar surukarta.

"Nanay, Efren ya tafi! Ki bi shi! Ke kaɗai yake jin maganarki! Nanay, don Allah!"

Nanay Luding ta ɗauki lasifikar hannunta ta gangara. Mu da muka rage a kan tudu muna ganin komai, kamar an shimfiɗa mana shi a faifai. Muka ga ta sauka matakala tana ɗingishi. Muka ga ta isa mararrabar da ke gaban kantinta, wanda ya zama tarin katako. Ta tsaya. Ta kalli dama, inda ɗanta ya zama ɗan ɗigo bayan gada. Ta ɗaga lasifikar ta kira sunansa, ta sake kira. Bai waiwayo ba, nisan ya yi yawa. Ta kalli hagu, inda yara fiye da ashirin suke tsalle a laka suna dariya. A kudu, can ƙarshen sama, wani baƙin bango ya riga ya taso.

Ta yi hagu.

Mirasol ta yi wata ƙara da har yau nakan ji ta in na tuna. Sai da mata biyu suka riƙe ta.

Abin da ya faru a lakar, Mano Temyong ne ya ba da labarinsa, don yana can da kwandonsa. Ya ce bai taɓa ganin mutum a irin wannan hali ba. Ta shiga laka har gwiwa, ta danna jiniyar lasifikar a kunnen mutane, tana fizge kwanduna tana watsar da kifin, tana marin duk yaron da ya tsaya. Kowa da sunansa take kiransa, da sunan uwarsa. Ya ce da ta zo kansa, ya buɗe baki zai yi magana, sai ta nuna masa kudu. Ya waiwaya.

"Na rantse da Allah," in ji shi, "na yi shekara hamsin a kan ruwa, ban taɓa ganin ruwa a tsaye ba sai ranar. Tsaye yake, yana tahowa. Ƙafafuna suka ƙi motsi. Ita ce ta buga mini lasifikar a ƙeya, ta ce, 'Ɗauki yaran nan biyu ka gudu, tsohon banza!'"

Aka kwasa a guje. Iska ta dawo kafin su kai matakala, daga kudu wannan karon, kuma ta fi ta safe hauka. Nanay Luding ce ta ƙarshe, tana kora na baya. A tsakiyar matakala gwiwarta ta ƙi, ta faɗi. Mano Temyong ya jefa yaran hannunsa ga na sama, ya koma ya saɓo ta a kafaɗa. Ruwan ya kama su har ƙugu kafin a jawo su ciki.

Da muka sake leƙawa ta tsagar taga, babu Tinabuan. Babu gada, babu kasuwa, babu hanya. Ruwa ne baƙi yana juya rufin gidaje da gawar dabbobi, yana dukan gindin tudu.

Duk wanda ya shiga lakar nan ya dawo da ransa, babba da yaro. A cikin ukun da suka yi dama, ɗaya aka samu da rai a kan bishiyar kwakwa, ya ƙanƙame ta har fatar ƙirjinsa ta saɓule. Efren da ɗayan, sai bayan ruwa ya koma aka tsinci gawarwakinsu a cikin itatuwan bakin fadama.

A wajen jana'iza, a gaban kowa, Mirasol ta dubi surukarta. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta ɗaga da ya fi sauƙi.

"Kin gan shi, Nanay. Na ga kin gan shi. 'Ya'yan mutane kika zaɓa."

Nanay Luding ta kira ta da sunan lelen da ta saba kiranta, ta ce, "Na gan shi, Iday." Iyakar abin da ta ce ke nan. Ba ta kare kanta ba, a ranar ko bayanta.

Mun ɗauka shi ke nan, ta gama. Wa zai ga laifinta? Amma ba a ma gama addu'o'in mamaci ba, muna kwance a ƙarƙashin tamfol a filin coci, sai da sassafe muka ji jiniya ta yi ɗan gajeren kuka. Muka fito a firgice. Tana tsaye a kan matakala cikin baƙaƙen kaya, da aron rediyo a hannu ɗaya, lasifikar nan da ta lotse a ɗayan. Muryarta ta dishe.

"Mutanen Tinabuan, akwai wata tana haɗuwa a gabas. Ƙarama ce, da alama ruwa kawai za ta kawo. Amma ba mu da rufi, kuma ƙasar tudu ta jiƙe, tana iya zaftarewa. Masu tamfol a gefen gangare ku matso tsakiya."

Babu wanda ya motsa da farko. Kallonta kawai muke. Kapitan, ƙaton mutum da ba a taɓa ganin hawayensa ba, ya juya baya ya rufe fuska da hularsa. Mano Temyong ne ya fara tafiya ya kama cire turakun tamfol. Tun daga ranar, duk inda za ta je gida-gida, shi ke gaba yana buga ƙofofi, kuma wanda ya kuskura ya tuna tsohon sunan nan na tsokana a gabansa, sai an raba su.

Nanay Luding, ke ce wadda muka yi wa dariya a kasuwa kika wayi gari kika sake gaishe mu. Ke ce kika tsaya a mararraba da ɗanki a dama, namu a hagu. Waɗanda kika mara a lakar nan yau wasu malaman makaranta ne, wasu suna aiki a jiragen ruwa a ƙasashen da ba mu san sunansu ba, wasu suna goye da nasu 'ya'yan. Kunnen gari, uwar da ba ta haife mu ba. Mun ci moriyar abin da kika yi, amma ba mu taɓa zama muka tambaye ki yadda kike kwana da shi ba. Gidanki da na Mirasol katanga ɗaya ta raba su, shekara da shekaru tana aiko miki da jikarki da kwanon shinkafa da kifi, amma ita ba ta taɓa tako ƙofarki ba. Muna gani, muka yi kamar ba mu gani ba, don kunyar abin ta fi ƙarfinmu.

Dalilin ajiye aikin, ita ta faɗe shi da bakinta a taron da aka yi mata a filin ƙwallon kwando makon jiya. An gasa alade, an dafa taliya, an kawo giyar kwakwa, yara sun yi rawa. Da aka miƙa mata abin magana, ta ce, "Kunnena ya fara yi mini ƙarya. Kwanan baya rediyo ya ce yamma, na ji arewa. Allah ya taimaka na sake saurara kafin in faɗa muku. Aikin nan ba ya son kuskure irin wannan. Ku nemi wani."

Kapitan ya miƙe ya ce to, wa zai karɓa? Ya ce aikin ba shi da albashin kirki, sai tashin sassafe da baƙin jini.

Nan ne muka ji kunyar da ta fi kowace. Fili cike da mutane, waɗanda rabinsu da ba don ita ba da babu su, amma kowa ya sunkuyar da kai yana kallon farantinsa. Samari suka kama danna waya. Mano Temyong ya ɗaga hannu, aka yi 'yar dariya, don shi kunnensa ya riga nata tafiya. Ya fusata ya ce, "To ku masu kunnen, ina amfaninsa?" Mai kiɗa ma ya rasa abin yi. Na dubi Nanay Luding, na ga ta ƙura wa hannuwanta ido.

Sai aka ji an ja kujera a can baya, wajen masu raba abinci.

Mirasol ce. Ta cire ƙyallen da ta ɗaura a ƙugu, ta ajiye ludayi, ta ratso tsakiyar fili. Mutane suka dare mata. Wata a kusa da ni ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo Allah, yau kuma me za ta faɗa?" Ta zo ta tsaya a gaban surukarta, ta miƙa hannu.

"Ba ni."

Nanay Luding ta ɗago kai. "Iday, kin san abin da ke cikinsa kuwa?"

"Wa ya fi ni sani?"

"Za su zage ki."

"Su zaga."

Tsohuwar ta kama hannun da aka miƙo mata da hannu biyu, ta fara cewa, "Ranar nan, da ina da ƙafa biyu masu kyau..." Mirasol ta girgiza kai.

"Ban ce na manta ba, Nanay. Ba na jin zan manta. Na dai ce ki ba ni. Gobe ki bar mini ƙofa a buɗe, ki nuna mini yadda ake yi."

Ba a yi tafi ba. Babu wanda ya iya. Mun dai tsaya a wurin, manya da yara, muna kallon mata biyu da mutum ɗaya ya haɗa kuma ya raba, ɗaya a zaune ɗaya a tsaye, hannunsu a haɗe.

Mun gode, Nanay Luding. Godiyar ta zo a makare, kuma ba ta kai ko kusa da abin da kika ba mu ba, amma ga ta nan a gaban jama'a. Allah ya ba gwiwarki sauƙi, ya ba zuciyarki abin da mu muka kasa ba ta, ya jiƙan Efren.

Ku kuma da kuke zaune a bakin teku, a nan ko a wani tsibiri, kowane gari yana da irinta, wani ko wata da ke tashi kafin kowa don ya bi muku abin da ke tahowa. Ku neme su ku gaishe su tun suna jin gaisuwa. In sun tsufa, wani ya miƙe ya karɓa ba sai an roƙa ba. In sun ce ku hau tudu kuma guguwa ta kauce, ku sauko ku yi murna, kada ku nemi wanda za ku zaga. In kuma ta zo, kuka ji shiru, kuka ga rana ta fito, ku zauna inda kuke. Kada ku sake sa wata uwa ta gangaro ta tsaya a mararraba saboda ku.